Gidan Bakin Tekun da Ba a Ganin Teku

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ɗan Malam Tukur ba, kuma ko na so in manta, mutanen Ka'akiyya, unguwarmu a Makka, ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga masallacin unguwa sai na ji wani daga bayan sahu ya yi ƙasa da murya ya ce, "A matsa wa Mai Teku." Ni kuwa sai in yi kamar da wani ake, in ta da kabbara.

Bari in faro daga tushe. Ni mutumin Funtua ne. Karatu ya kawo ni Makka, na gama karatun, sai aiki ya riƙe ni, na ce bari in ƙara shekara ɗaya, kuma har yanzu ita nake ƙarawa. Aikina a Jarwal yake, unguwar da ke kusa da Harami, wajen wani Balarabe mai benayen saukar alhazai. Ni ke shirya ɗakuna kafin mausim, wato lokacin da baƙi ke cika gari. Ba yabon kai ba, in ka buɗe mini ɗaki, kallo ɗaya zan yi masa in faɗa maka gado nawa zai ci, da inda za a bar hanyar wucewa, da inda jakunkuna za su zauna. Abin ya bi jikina har ya zama ciwo. Ko gaisuwa na je gidan mutum, ana zuba mini shayi, ni ina can a raina ina jera gadaje a falonsa.

Matata Hajara, wadda a nan ake kira Ummu Yusra, ba ta taɓa roƙona gwal ko mota ba. Abu ɗaya take so, gida a Funtua kusa da mahaifiyarta, Inna. Irinmu masu zaman iƙama, wato baƙi masu takardar izinin zama, haya ce rabonmu a garin nan, kuma mun sha ta. Lokacin da muke zaune a Jarwal, duk shekara da ƙaratowar aikin Hajji sai mai gida ya aiko a kwashe kaya, alhazai za su shiga. Shi ya sa muka dawo Ka'akiyya, inda haya ke da sauƙi kuma ba a tashin mutum. Amma ko a nan Hajara ba ta taɓa sakin jiki ba. Ta daɗe rabonta da gida, in ba kuɗin jirgi ba makarantar yara, in ba makarantar yara ba sabunta takardu. Takan ce, "Abu Yusra, ko ɗaki biyu ne da zaure, in dai namu ne, in dai zan iya leƙa Inna da ƙafa." Muka yi shekaru muna tari saboda wannan, ita da ɗinkinta, ni da albashina da ɗan abin da nake samu a Mina lokacin aikin Hajji.

Sai ga wani Alhaji ya zo Umra da azumi ya sauka a benenmu. Dillalin gidaje ne a Legas, mutum mai fara'a da ƙamshin turare. Wata rana bayan La'asar muna zaune a ƙofa ya ciro waya ya nuna mini bidiyo. Wani dogon farin bene ne a bakin teku, a cikinsa akwai shigga ta sayarwa, wato ɓangare guda mai ɗaki biyu da falo. Aka buɗe ƙofar baranda, labule ya tashi, sai ga ruwa shuɗi har iyakar gani. Ya ce masu hutu ke kama irin waɗannan gidaje, kwana-kwana ake biya, mai gida yana ko'ina a duniya kuɗinsa na shigo masa ta waya.

Zan faɗi gaskiya, ba lissafi ne ya fara kama ni ba. A ƙarshen bidiyon mai ɗauka ya leƙa ƙasa, sai na ga 'yan acaɓa a gindin wata bishiya, da wata mata ɗauke da tiren ayaba. Ƙasata ce, ko da can ƙarshenta ne inda ban san kowa ba. Na sa ya maimaita mini wurin har ya fara kallona. Lissafin daga baya ya zo, kuma da ya zo, irin na Jarwal ya zo. Ya ce kwana-kwana, ni kuwa kunnena ya ji kai-kai, kowane mutum da gadonsa da kuɗinsa.

Da na kai wa Hajara maganar, ta ajiye almakashi ta dube ni.

"Legas? Wa muke da shi a Legas?"

Na ce ba zama za mu yi ba, jari ne. Kuɗin hayar zai gina mana na Funtua, ba ma ɗaki biyu ba, har da bene da rijiyar burtsatse.

"Ka taɓa zuwa Legas ɗin?"

Na ce jirginmu ya taɓa sauka a can. (Ban fita daga filin jirgin ba, amma ai ba wannan ta tambaya ba.)

Ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Duk mai aure ya san akwai "Allah ya sa alheri" iri biyu. Nawa na biyun ne, na kuma ji sarai, na yi kamar na farkon aka ba ni.

Kada mai karatu ya zaci an damfare ni. Wallahi da an damfare ni da na ji sanyi, don da na samu wanda zan ɗora wa laifi. Wani ɗan'uwana lauya ya duba takardu, komai daidai, gida ya zama nawa. Aka haɗa ni da wanda zai kula da shi ya nemo baƙi, wani Bayarabe mai suna Taju, haifaffen Zariya, Hausa a bakinsa kamar ni. Mutumin kirki ne, kuma duk abin da ya biyo baya ba hannunsa, umarnina kawai ya cika.

Ranar da ya zagaya da ni cikin gidan ta kiran bidiyo, zuciyata ta yi ta suya. Babban ɗaki, gado ɗaya tal, mai faɗin da za a yi sallar jam'i a kai. Ɗayan ɗakin ma haka. Falo kuwa an zuba kujerun kushin an bar fili a tsakiya yana zaman banza. Banɗaki da wani bahon wanka kamar kwalekwale. Baranda kuma, tsawonta ya ishi mutum biyu su miƙe, an ajiye kujeru biyu da ɗan tebur suna kallon ruwa. Na ce inna lillahi, wannan ai almubazzaranci ne.

Nan take na ba da umarni. A sayar da manyan gadajen da kushin, a kira mai walda ya buga gadajen ƙarfe masu hawa biyu, mutum shida a kowane ɗaki, takwas a falo. A rubuta "Maza" a ƙofa ɗaya, "Mata" a ɗaya. A manna alamar alƙibla a sili. A fid da baho a sa famfuna ƙasa-ƙasa saboda alwala, a sayo butoci, a ɗaura igiyar shanya. Baranda kuwa a rufe ta da katako daga ƙasa har sama, gado mai hawa biyu zai shiga cif.

Taju ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri fa, masu zuwa nan mata da miji ne, ko abokai 'yan hutu. Tekun nan shi suke biya su kalla."

Na yi dariya irin ta manya. Na ce, "Taju, ni nan da kake ji na saukar da mutanen Indunusiya, na saukar da Turkawa, na saukar da 'yan Mali. Baƙo wurin jefa jaka da miƙe baya yake nema. Wa ke zama a ɗaki? Mai son teku ya sauka ƙasa ya kalla." Haka abin yake a Jarwal, domin kowa Harami ya nufa, ɗaki na barci ne kawai. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ina baƙin Legas za su nufa da asuba ba.

Ya ce, "To, Alhaji, yadda ka ce."

Aka yi aiki, ya turo hotuna, na ƙirga gadaje na ga sun cika, na ji daɗi. Sai dai a unguwa ba waɗannan hotunan nake nunawa ba, tsohon bidiyon nan mai labule da shuɗin ruwa nake nunawa. Na nuna shi a masallaci, na nuna shi a shagon mai gyaran waya, na nuna wa direban da ban sani ba. A kaina duka biyun gaskiya ne, gidana yana da teku, kuma gidana yana da gadaje, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya na ga ɗaya ya cinye ɗaya ba. Watanni suka yi ta wucewa ba abin da ya shigo waya. Na ce mausim ne bai zo ba. Taju ya ce ƙarshen shekara ne mausim ɗinsu. Ƙarshen shekara ya zo ya wuce. In Hajara ta tambaya sai in ce ana ɗan ƙarasa gyare-gyare, ita kuma ta koma kan kekenta na ɗinki.

To, ranar walima. Malam Tukur ya kama istiraha, irin gidan bikin nan da ake haya, maza a babban zaure, mata a ɗaya ɓangaren bayan katanga. An ci shinkafa da naman rago an ƙoshi, ana zagayawa da gahawa da dabino. Wani Shehi ya yi wa ango nasiha ta lasifika, wadda aka ja wayarta har ɓangaren mata don su ma su amfana. Da ya gama ya ajiye abin maganar a kan teburin da ke ƙarƙashin babban talabijin na bango. Ba wanda ya kashe shi, ni ma ban lura ba.

Akwai wani Alhaji Bashir, Basakkwace mai shagon turare, wanda Allah ya hore wa baki. Ya kishingiɗa yana sakace, ya ce, "Kai Malam, tekun ga naka da munka daɗe muna jin labari, bidiyo guda kullum awa wa'azin kaset? Kira muna mutuminka mu gani da idanunmu."

Da na yi dariya na share, da an wuce wurin. Amma sai Baba Adamu ya yi magana. Tsoho ne tukuf, a goye aka fito da shi daga ƙasar Hausa, iyayensa suka bi ta Chadi da Sudan suna tafe suna noma har suka iso, kuma bai taɓa komawa ba. Ya ɗago kai ya ce, "Ya waladi, ɗana, da gaske Najeriya ce za a gani? To a nuna mini. Ban ga ƙasarta ba, bari in ga ko ruwanta ne."

Na miƙe tsaye. Da hannuna na haɗa waya da talabijin, har ina ce wa mutane su gyara zama, a matso da Baba gaba. Taju ya ɗauka, aka yi sa'a (ko rashinta) yana cikin benen. Na ce masa manyan Makka ne ke son ganin gida. Ya ce, "Yanzu, Alhaji?" Na ce yanzu. Muka bi shi a bango yana hawa, yana laluben makulli, ya tura ƙofa, ya kunna fitila, don ciki duhu ne da rana tsaka.

Sai ga gadajena sun bayyana, jere reras, baƙin ƙarfe, katifu har yanzu da ledarsu. Butoci a layi. Igiyar shanya ta ratsa falo. Zauren ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka mamaki ne, sai na shiga bayani da alfahari, ina nuna yadda na bar hanyar wucewa, da yadda ƙofar banɗaki ke buɗewa ba ta bugi gado ba.

Wani daga gefe ya ce, "Ma sha Allah. Makarantar kwana ce?"

Alhaji Bashir ya ce, "Tayyib, to shi ke nan, mun ga gadaje. Ina tekun?"

Taju ya taka har ƙarshen falo, ya haska wani bangon katako, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ya ce, "Yana bayan nan. Alhaji ne ya ce a rufe. Amma in kuka yi shiru wataƙila ku ji ƙararsa."

Wallahi aka yi shiru. Dattawan Ka'akiyya da malamanta da ango da abokansa, kowa ya karkata kunne yana sauraron katako. Baba Adamu har da sa hannu a bayan kunne. Abin da ya fito ta talabijin, ƙarar janaretan maƙwabta ne.

Alhaji Bashir ya tashi zaune, ya tafa hannu ya ce, "Jama'a, ku taya ni gani! Mutumin ga ya ƙetare Afirka duka, ya tai ƙarshen ƙasa, ya sayo Jarwal!"

Zaure ya fashe. Shehin da ya yi nasiha ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Wani ya ce saura a nemo musu motar kai su Mina. Wani kuma, mai neman ƙarin bayani, ya tambayi Taju baƙi nawa suka sauka zuwa yanzu. Na buɗe baki in tare, amma Taju mutum ne mai gaskiya kuma mai sauri.

"Tun da aka sa gadajen ba wanda ya kwana. Wasu mata da miji sun taɓa zuwa dubawa, matar ta tambaye ni ko asibiti ne."

A daidai nan na ji wata dariyar ta daban, mai siririn sauti, ta taso daga bayan katanga kamar an buɗe famfo. Na dubi teburi, na ga abin magana da 'yar jar fitilarsa a kunne. Duk abin da aka faɗa mata sun ji, har da ƙwanƙwasa katakon. Kuma a cikinsu akwai wadda aka ce wa ana ƙarasa gyare-gyare. Na fizge wayar na kashe, gumi na bin bayana duk da sanyin na'ura.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba Adamu ya ci gaba da kallon baƙin talabijin ɗin, sannan ya ce, "Ma'alesh, ba komai, ya waladi. Allah bai nufa ba." Sai a mota na tuna ai da cewa kawai na yi Taju ya sauka ƙasa ya haska masa ruwan. (Daga baya na je har gida na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya share ido, ya ce ashe irin na Jidda ne.)

A hanyar komawa 'yata Yusra, wadda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, ta ce daga kujerar baya, "Baba, wallah fasshaltana," wato na kunyata su. Na saci kallon uwarta. Na so ta yi faɗa, na shirya amsoshi har kala uku, amma ta juya fuska tana kallon duwatsu. Haka muka yi kwanaki, abinci na zuwa a kan lokaci, gaisuwa ba ta fasa ba, amma gidan kamar an yi rasuwa. Wannan ya fi dariyar zaure ciwo nesa ba kusa ba, domin na san ba kunyar ce ke cin ta ba, ɗinkin shekaru ne take gani a jikin gadajen ƙarfe.

Ran nan ina shirin kiran Taju in ce a kwashe komai, sai ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Gado nawa ne gaba ɗaya?"

Na faɗa mata, kaina a ƙasa.

Ta ce, "Kar a taɓa su tukuna."

Ashe waya ta buga wa dangi a Funtua, ta ce su je su ga gidan. Da hutun makaranta ya zo, aka cika mota guda da Inna, da ƙannen Hajara da 'ya'yansu, da yayana da iyalinsa, aka nufi Legas ganin teku. Kuɗin motar daga aljihuna ya fita, don haka baƙina na farko ni na biya su suka zo. Kuma jama'a, ba a taɓa yabon aikina irin na wannan karon ba. Yayana ya kira yana cewa gidan nan mai hankali ne ya tsara shi, ga buta, ga alƙibla, ga ɗakin mata daban. Ƙanin Hajara ne ya ari guduma ya ɓalle katakon baranda, ya ce shi bai yi tafiyar nan don ya kalli bango ba.

Washegari da yamma suka kira ta bidiyo. Falo cike da hayaniya, yara na tsalle daga gadon sama, ana tuƙa tuwo a kicin, wani na rigima a kan silifa. Duk muryoyin da muka yi shekaru muna ji ɗaya-ɗaya a waya, ga su a ɗaki guda. Aka kai wayar baranda. Inna na zaune a gadon ƙasa, ta saki ƙafafu, carbi a hannu, iska na kaɗa mayafinta, ruwa a gabanta har iyakar gani. Ta tsufa fiye da yadda nake tunani. Ta matso da fuska ta ce, "Hajara, gidan nan naki da iska yake. Na yi barci har ban ji kiran sallah ba. Allah ya yi muku albarka."

Hajara ta yi ta dariya tana amsawa da amin, tana tambayar kowa da sunansa. Da aka kashe, ta riƙe wayar a cinya ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Uwata ta kwana a gidana, ni ko ƙofarsa ban sani ba."

Na zauna kusa da ita a kan tabarma, fankar hayarmu na juyawa a sama.

Yanzu an kwashe gadajen, an mai da baranda yadda take, an sa gidan a kasuwa, kuma duk abin da ya fito Funtua zai nufa, wannan karon da sunanta. Darasin da na samu ba mai zurfi ba ne, kowane mai hankali da shi aka haife shi: ba duk baƙo ne alhaji ba, kuma in matarka ta ce ɗaki biyu da zaure, to ɗaki biyu da zaure take nufi. Gidan dai ya yi amfani, ba zan ce bai yi ba. Dangi kaf sun kwana a cikinsa, har da jariri ɗan wata uku, in ban da mu biyun da muka saya.